Riƙon 'Ya'yan Rina

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta iso mu ji ta.

Wata baƙar Rina ce mai siririn ƙugu, ba ta taɓa gina gida ba. Ta tarar da Tsutsa, sarauniyar kawaici, tana cin ganyen wake.

Ta ce, "Yaya, riƙon 'ya'yana na kawo miki."

Tsutsa ta ji nauyin ta ƙi, ta ce, "To, ina zan kwantar da su?"

"Jikinki ma ɗaki ne." Ta soka mata ƙwai a baya, ta tashi.

Da suka ƙyanƙyashe, Tsutsa ta yi ta ci tana ramewa. Ran da Rina ta leƙo, ta ce, "Ƙanwata, me yaran nan suke ci ne?"

Rina ta ce, "Abin da suka tarar a ɗakin, Yaya."

Washegari fatar Tsutsa kaɗai aka gani a kan ganye.

Ƙurunƙus kan Tsutsa!