Shatin Yatsan Cletis

Akwai wani mutum a garinmu, nan gindin duwatsun Carolina ta Arewa, ana kiransa Verlon Hatcher. A kantin kayan gini yake aiki, amma ba da wannan aka san shi ba. An san shi da haɗa 'yan motocin tseren nan na roba, waɗanda ake sayowa a kwali gutsure-gutsure, mutum ya zauna da gam da matsefata ya harhaɗa, ya yi musu fenti, su fito kamar na gaske alhali tsawonsu bai fi taƙi ɗaya ba.

Gaskiya ɗaya ce, Verlon ya iya. Shekara bakwai a jere shi ke ɗaukar kofi a baje kolin gundumarmu. In ka kalli fentin motarsa za ka ga haƙoranka a ciki.

Matsalar ita ce ya san ya iya, kuma ba ya bari kowa ya manta. In wani ya nuna masa tasa motar, sai ya sauke tabarau kan hanci, ya juya ta sau biyu, ya ce, "To, ba laifi. Da ƙafa ka haɗa ko da hannu?"

Wani abin dariya, mutumin nan bai taɓa zuwa filin tseren jar ƙasa da ke bayan gari ba, inda duk Asabar rabin garinmu ke zuwa kallo. Wai ƙura tana sa shi atishawa. Hoton jikin kwali kawai yake bi.

Wata Talata da hantsi, Mama Odessa Suggs ta shigo garejinsa riƙe da kwalin takalmi. Tsohuwa ce mai shekara saba'in da takwas, cocinmu ɗaya da ita. Mijinta Cletis ya yi tsere a filin jar ƙasar nan shekara ashirin, da mota mai lamba 58, kafin gwiwa ta zaunar da shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa.

Ta buɗe kwalin, ta yaye tawul. 'Yar jar mota ce, taya ɗaya ta gaba ta cire.

"Kyanwata ce ta ture ta daga kan talabijin," in ji ta. "Tayar nan kawai za ka manna min, ɗan nan. Ni hannuna rawa yake yi."

Verlon ya ɗaga motar wajen haske. Ya ga ta karkace gefen hagu. Tayar baya ta dama ta fi ta hagu girma. Ga lotsawa a gefen gaba, ga wani baƙin zobe a jikin ƙofa kamar an goga gawayi. A kan rufin kuma, tsakiyar fenti, ga shatin babban yatsa ɓaro-ɓaro, irin na wanda ya kasa haƙuri fenti ya bushe.

"Mama Odessa, wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Cletis ne, shekarar da ya daina fita tsere."

"Allah ya ji ƙansa. Tuƙi dai ya iya."

"Tayar kawai," ta sake faɗa, ta rufe jakarta ta tafi.

Matarsa Twila tana tsaye a ƙofar gareji da kwandon wanki, ta ji komai. Da ta ga ya jawo samfefa, takardar nan ta kankare fenti, sai ta ce, "Verlon, taya matar nan ta ce."

"Na ji."

"To me samfefa take yi a hannunka? Ko taya ƙaiƙayi take yi?"

"Twila, abin nan daga garejina zai fita. Mutane za su ce Verlon Hatcher ya taɓa shi. In mayar mata da mota mai ɗingishi? Alheri zan yi mata, ba ko kwabo."

"Alherin da ba a roƙa ba, ka yi masa sallama kafin ka shigar da shi gidan mutane."

"Je ki shanya kayanki, uwar wa'azi."

Sati biyu ya yi a kanta. Ya ɓalle sauran tayoyin uku, ya jefa duka huɗun cikin gwangwanin tarkace, ya sa sababbi masu girma ɗaya. Ya daidaita zaman motar da rula. Ya cike lotsawar. Ya kankare tsohon fentin har ƙasa, da baƙin zoben, da shatin yatsan, ya fesa sabo har shafi huɗu. Lamba 58 kaɗai ya mayar yadda take.

Kuma bai kai mata gida ba, a'a. Sai ya jira Lahadi, bayan an tashi sujada, ana zaune a zauren coci ana cin soyayyar kaza da wake da wainar masara. Ina wurin, kujera biyu tsakanina da Odessa. Ya ajiye kwalin a gabanta yana murmushi, ya ce, "Buɗe a gaban jama'a, Mama."

Ta buɗe. Mutane suka leƙo, wasu suka ce kai, ta yi kyau.

Odessa ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Verlon, ka yi kuskuren kwali. Ina motar Cletis?"

"Ita ce wannan. Na gyara mata duk kurakuran."

Tsoho Buford Crisp, wanda shi ne makaniken Cletis a zamaninsu, ya ajiye cinyar kaza, ya goge hannu a wando, ya jawo motar. Ya kwantar da kansa kan tebur yana leƙen ƙasanta.

"Sarkin kofuna," ya ce, "motar nan ina za ta je? Kasuwa?"

"Kamar yaya?"

"Ka taɓa ganin an juya dama a filin tsere? Hagu ake bi, hagu, hagu, har a gama. Shi ya sa muke sa babbar taya a baya ta dama, mu kwantar da motar gefen hagu, don ta riƙa shan kwana da kanta. Wannan da ka miƙe sambal, a kwanar farko za ta shige katanga da kai da tabaranka."

Wasu suka fara dariya. Kunnuwan Verlon suka yi ja.

"Baƙin zoben da ka goge," Buford ya ci gaba, "tayar abokin karawarsa ce ta goga a ƙofa, ranar da Cletis ya ci tserensa na ƙarshe. Lotsawar ma ta ranar ce. Da cokali mai zafi ya yi ta a jikin robar nan, ina zaune kusa da shi, sai da ya ƙone hannu."

Ita Odessa ba ta sauraron su. Ta ɗora babban yatsanta a kan rufin motar tana shafawa a hankali, gaba da baya, kamar mai neman allura a tabarma.

"Akwai wani abu a nan," ta ce.

Verlon ya ce, "Shatin yatsa ne, Mama. Kuskuren 'yan koyo ne, duk mai haɗa mota ya san goge shi ake yi."

"Na san kuskure ne. Ina kicin na ji yana zagin kansa ranar." Ba ta ɗaga murya ba. "Kayansa na ba mabukata. Motar gasken an sayar da ita tun yana raye. A duk gidan nan, wurin nan kaɗai ya rage da siffar jikinsa. Kullum da safe sai na sa yatsana a ciki kafin in ɗora ruwan kofi. Shekara goma sha ɗaya."

Dariyar ta mutu. 

Ta rufe kwalin, ta tura masa. "Riƙe abarka, ta yi kyau. Ka kai baje koli."

'Ya'yana, na ga maza sun sha kunya a rayuwata, amma ban taɓa ganin mai tsawon Verlon ya koma ƙarami haka ba. Twila ba ta ce masa "ai na gaya maka" ba. Ta ɗauki jakarta kawai ta ce, "Tashi mu je gida."

Washegari ya tafi gidan Buford da kwalin a hammata.

"Baba Buford, koya min."

"Ni? Wanda bai taɓa cin ko kofin shan ruwa ba?"

"Na ji, na kuma cancanta. Koya min."

"Sai ka fara shaƙar ƙura tukun. Asabar, ƙarfe huɗu. Ka zo da hankici."

Ya je. Ya yi atishawa har hawaye, Buford yana jan sa daga mota zuwa mota yana sa shi ya auna tayoyi da igiya. Ya ga yadda kowace take a karkace, kowace da tabonta, babu mai ƙyallin hoton kwali ko ɗaya.

Ya dawo ya zazzage gwangwanin tarkace a ƙasa, ya yi rarrafe har ya tsinto tsofaffin tayoyin Cletis guda huɗu. Ya mayar da su. Ya kwantar da motar hagu, Buford yana tsaye a kansa yana cewa, "Ƙara kaɗan. Kai, ya yi yawa, jirgin ruwa kake haɗawa?" Ya gasa cokali ya lotsa gefen gaba. Ya zana baƙin zoben sau biyar kafin tsohon ya gyaɗa kai. Ya dusashe ƙyallin fentin da ya yi sati biyu yana alfahari da shi. Ranar baje koli ta zo ta wuce, bai ma aika suna ba.

Bayan sati uku ya ƙwanƙwasa ƙofar Odessa. Wannan karon shi kaɗai, ba 'yan kallo.

Ta zauna a kujerarta, ta buɗe kwalin a cinya. Ta karkata kai daidai yadda motar ta karkata, sai ga murmushi.

"Yauwa. Ga 'yar gurguwar nan ta dawo."

Sai yatsanta ya tafi kan rufin da kansa. Ya tarar da santsi.

Verlon ya durƙusa a gabanta, da gwiwoyinsa masu ƙara. "Mama, akwai dabara. Buford ya ce yatsana ya kusa girman nasa. Zan fesa fenti, in danna kafin ya bushe, daidai wurin. Ba wanda zai gane."

"Ni fa?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Verlon, shekara arba'in da shida ina riƙe hannun mutumin nan. Kana ganin ba zan gane yatsan wani ƙato ba? Ka yi min ɓarna da ilimi, kada ka ƙara min da ƙarya."

"To me zan yi? Ki faɗa min ko mene ne."

"Babu. Wani abin ba ya gyaruwa, ɗan nan, ko da hannun mai kofi bakwai. Na yafe maka tun ranar Lahadin, don ba na son in mutu da nauyinka a ƙirji. Amma yafiya ba gam ba ce." Ta miƙa masa motar. "Ɗora min kan talabijin, ka matsar da ita ciki saboda kyanwa. Sannan ka zo ka ci wainar masara, ka rame."

Ya ɗora, ya zauna ya ci, yana ci yana share hanci. Ta ce ƙurar filin ce ba ta sake shi ba.

Har yau Verlon ya fi kowa iya aikin nan a gundumarmu, ba zan rage masa ba. Sai dai yanzu in ka kai masa gyara, zai gundure ka da tambaya: wannan tabon na mene ne, wa ya yi shi, in taɓa ko in bari?

Odessa kuwa na tambaye ta kwanan baya, muna wanke kwanuka a coci, ko tana taɓa motar da safe. Ta ce a'a. Yanzu tsayawa kawai take yi ta kalle ta, ta wuce ta ɗora ruwan kofi.

Darasi: Iyawa ba izini ba ce. Abin da ka gani kamar kuskure a kayan wani, wataƙila shi ne dalilin da ya sa yake ajiye da su. Ka tambaya kafin ka gyara, kuma ka tsaya inda aka ce ka tsaya, domin neman gafara yana mayar da zumunci amma ba ya mayar da abin da aka goge. Ku tura wa wannan gwanin da ke gidanku, kun san shi, ya karanta tun bai ɗauki samfefa ba.