Ƙyauren Da Ya Ƙi Rufuwa

Akwai wani mutum, masassaƙi ne, wanda aikinsa ba ya barinsa ya zauna wuri ɗaya. Yau a kira shi wannan ƙauye ya yi bencin sujada, gobe a kira shi wancan ya ɗora rufi. Da ya gaji da kwana a zaurukan mutane, shi a can matarsa a gida, sai ya zauna ya gina ɗan ɗaki na katako a kan babbar amalanke mai taya biyu. Ya sa gado a ciki, da wurin tukwane, da 'yar taga. Duk inda aiki ya kira shi sai ya ɗaura wa shanu, su ja shi da gidansa da matarsa gaba ɗaya.

Abin da ya fi daraja a ɗakin nan shi ne ƙyauren ƙofa. Na maɗaci ne, ubansa ne ya sassaƙa shi da hannunsa ya ba shi ranar aurensa, kuma shi ne aiki na ƙarshe da tsohon ya yi kafin ya rasu. Saboda haka da mutumin zai gina ɗakin, ƙyauren ya fara aunawa, sa'an nan ya yanka ƙofar daidai da shi. In ka tura shi da yatsa ɗaya sai ya rufu ruf, ko iska ba ta samun hanya. Yana ƙaunar ƙyauren nan ƙwarai.

Wata rana da farkon damina aka kira shi wani ƙauye da ke gefen tudu. Ƙauyen nan duk gangare ne, ko wurin shanya barkono sai an nema. Wani dattijo na ikilisiyar wurin ya tarye su, ya nuna musu fili kusa da rumbunsa. Masassaƙin ya kwance shanu, ya sa wa tayoyi waigi da duwatsu, ya tokare kusurwoyin ɗakin da kututture. Sa'an nan ya ja da baya, ya rufe ido ɗaya, ya daidaita bangon ɗakinsa da bangon rumbun.

Matarsa ta ce, "Maigida, ba za ka auna ba?"

Ya ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

Dattijon ma ya zagaya ya duba, ya ce, "Malam, ya tsaya sak. Kamar tare aka gina su da rumbuna."

Gaskiya ya faɗa kuwa, ɗakin da rumbun sun yi daidai da juna. Sai dai ba wanda ya tambayi rumbun ko shi a miƙe yake. Rumbun nan ya daɗe da karkacewa yana bin gangare, haka dangar gidan, haka ma bishiyar da ke bayanta. Mutanen ƙauyen sun tashi sun tarar da su haka, idonsu ya saba, har sun ɗauka haka Allah ya yi duniya.

To, sai abubuwan mamaki suka fara faruwa a ɗakin. Matar ta ajiye ƙwai a ƙasa, ƙwan ya kama hanya shi kaɗai ba wanda ya aike shi, ya tafi ya fashe a jikin bango. Ta ɗora miya, man ya taru a gefe ɗaya na tukunya. Kullum da safe kuma sai ta farka a matse da bango, maigidan ya mirgino ya cinye mata wuri.

Mutumin nan mai son sanin dalilin abu ne, ba ya ganin abu ya wuce. Ya tsuguna ya dubi ɓawon ƙwan, ya ce ai ƙwai ba shi da gindin zama, dole ya yi yawo. Ya juya tukunyar ya ƙwanƙwasa, ya ce gindinta ne ya lotsa. Zancen gado kuwa, ya ce gajiyar aiki ce ke sa shi juyi. Kowace tambaya ya samo mata amsa, kuma kowace amsa in ka ji ta sai ka gyaɗa kai. Ba wawa ba ne, wayonsa ne ma ya hana shi gani, gama mai wayo ba ya rasa abin faɗa.

Ana nan sai ƙyauren ya ƙi rufuwa. Kusurwarsa ta sama ta riƙa kama madogarar ƙofa, a tura a tura, sakata ta ƙi shiga. Awakin ƙauyen suka gane haka kafin kowa, suka shiga suka yi biki da garin tuwo. Ruwan sama ya feso ya jiƙa tabarma. Masassaƙin ya tsaya gaban ƙofar ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Na gane. Laimar damina ce ta kumbura katakon."

Ya ɗauko gizago. Ya tuna wanda ya sassaƙa ƙyauren, amma ya daure ya sassaƙe kusurwar kaɗan. Ƙyauren ya rufu. Ya ji daɗi, ya ce magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Aka yi ruwa mai yawa, ƙasa ta yi laushi, tayar da ke wajen gangare ta ƙara nutsewa, jikin ɗakin ya ƙara murɗewa, ƙyauren ya sāke kamawa. Ya sāke ɗauko gizago ya ci katakon fiye da na farko.

Matarsa ta ce, "Maigida, ƙyauren nan ya sha damuna da yawa bai taɓa kumbura ba. Me ya sa sai bana?"

Ya ce, "Uwargida, ke da tukunya, ni da katako."

Ranta ya ɓaci, domin ita ma tana ƙaunar tsohon da ya yi ƙyauren. Wannan shi ne an bar jaki ana dukan taiki.

Da ƙyauren ya sāke kamawa, mutumin ya fusata. Ya ajiye gizago ya ɗauko zarto, ya ja layi da gawayi daga wannan gefe zuwa wancan, zai yanke kan ƙyauren gaba ɗaya a huta. Rana ta take, gumi yana zubo masa. Kafin ya ɗora zarton sai ya ce a ba shi ruwa. Matar ta kawo a kwano. Da yake hannuwansa duka a cike suke, ta ajiye masa a ƙasan ɗakin, kusa da ƙafarsa.

Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya tsaya. Ruwan ya hau har bakin kwanon a gefe ɗaya yana neman zuba, a ɗaya gefen kuwa ya sauka can ƙasa. Ya ce a ransa, kwanon nan ya karkace. Ya juya kwanon, ya mai da gaba baya. Ruwan bai bi kwanon ba, ya koma gefen da yake dā. Ya sāke juyawa, haka. Abin ya ɗaure masa kai, ya ajiye zarto ya zauna dirshan a ƙasa. Ya ce a kawo ƙwarya, aka juye ruwan a ciki, ruwan ya nufi gefen nan dai. Ya ce a kawo faranti, aka zuba ruwan a ciki. Ya kai shi bakin gado, ya kai shi wurin tukwane, ko'ina ruwan yana nuna wajen gangare, wajen da ƙwai ya bi, wajen da mai ya taru, wajen da shi kansa yake mirginawa.

Matar tana tsaye tana kallonsa. Ta ce a hankali, "Maigida, ko kwanon ma za a sassaƙe shi?"

Ya miƙe tsaye. Ya fita ya tsuguna gindin tayar, ya ga yadda ta nutse cikin laka. Ya ɗaga kai ya dubi rumbun, a karo na fari ya tambayi kansa da me aka auna shi.

Ya kira maza suka zo da doguwar sanda mai ƙarfi, suka zura ta ƙarƙashin amalanken suka ɗaga. Ya shimfiɗa faffaɗan dutse a ƙarƙashin tayar, ya ɗora katako a kai. Wannan karon bai ja da baya ya rufe ido ba. Matarsa ya sa a ciki ta zauna gaban kwanon, yana waje yana jin muryarta: "Ƙara. Ƙara kaɗan. Tsaya!" Da dama da hagu suka daidaita, sai ya koma ga gaba da baya, yana gyara kututturen har ruwan ya kwanta daidai da bakin kwano ta kowane gefe.

Da aka gama, mutanen ƙauyen suka tsaya daga nesa suna dariya, gama yanzu ɗakin ne ya zama bare a cikinsu. Dattijon ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, ɗazu yana tsaye lafiya, yanzu ka karkatar da shi."

Masassaƙin ya ce, "Baba, shigo ka ga ruwa."

Sa'an nan ya sa yatsa ɗaya ya tura ƙyauren. Ya tafi sumul, sakata ta shiga ba gardama. Amma da suka ɗaga kai, sai ga hasken rana yana shigowa ta sama, ta wurin da gizago ya ci. Ƙofar ta koma yadda take, ƙyauren ne bai cika ta ba kuma. Mutumin ya sunkuya ya tattara ɓarɓashin maɗacin da ke ƙasa, ya riƙe a tafin hannunsa, ya yi kuka. Daga baya ya toshe wurin da wani katako, amma launinsu bai zo ɗaya ba, duk wanda ya shiga ɗakin sai ya gani.

Ga ma'anar wannan misali, ya ku ƙaunatattu. Ɗakin nan rayuwarka ce, gangaren kuwa duniyar da muke zaune a ciki. Rumbun shi ne maƙwabcinka, da abokinka, da abin nan da muke cewa "ai kowa haka yake yi." In da su kake auna kanka, kullum za ka fito a miƙe, har dattawa su yaba maka, alhali tare kuka karkace. Ruwan kwano Maganar Allah ce. Ba ta san rumbun kowa ba, ba ta jin kunyar mai gida, in ka juya ta gaba ka juya ta baya abu ɗaya za ta nuna maka. Ku lura kuma, ruwan nan yana cikin ɗakin tun ranar farko, a cikin tulu. Sha kawai ake yi, ba a taɓa ajiye shi a ƙasa an dube shi ba. Da yawa a cikinmu haka muke da Maganar, muna jin ta ranar Lahadi ta sanyaya mana rai, ba mu taɓa auna gidanmu da ita ba.

Ƙyauren fa? Ƙyauren shi ne mutumin nan da Allah ya ba ka, wanda ya ƙi tafiya daidai da karkatarka. Wataƙila matarka ce, ko mijinki, ko ɗan da ya yi maka tambayar da ba ka so, ko aminin da ya ce maka wannan ba daidai ba ne. Da ya kama, sai mu ce shi ne ya kumbura, ya cika taurin kai. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sai mu ɗauko gizagon baki mu yi ta sassaƙarsa da faɗa da gori, har ya yi shiru ya daina kamawa, mu ce an sami zaman lafiya.

Allah mai jinƙai ne, yana ɗaga tayar da ta nutse, ɗaki ya miƙe ko bayan shekaru. Wannan ba na shakkarsa. Amma abin da ka sassaƙe daga zuciyar mutum ba ya komawa da sauƙi, ko an toshe, wurin yana nan ana gani. Saboda haka in ka koma gida yau ka tarar da wani ƙyaure yana kama maka, kada ka yi saurin neman gizago. Fara ajiye kwanon ruwa a ƙasa, ka zauna ka ga gefen da ya nufa.