Ranar Da Ta Hana Kawunta Magani

Akwai wata matashiya da ta karanci ilimin harhaɗa magunguna a jami'a, ta samu aiki a wani kantin magani da ke bakin titi. A gida Auta ake ce mata, don ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu.

Ba haka ta zaci aikin zai kasance ba. Ta sha wuyar karatu, ta haddace sunayen magunguna har tana ambatonsu cikin barci. Amma a idon mutane, ita mai tsaron kanti ce kawai da aka sa wa farar riga.

Wani zai shigo ya ce, "Ba ni wancan mai ja da baƙi." In ta tambaye shi abin da ke damunsa, sai ya ce, "Ina ruwanki? Magani na zo saya, ba hira ba."

Wata za ta miƙo yagaggen kwali da rabin sunan ya goge, ta ce irinsa maƙwabciyarta ta sha ta warke. In Auta ta ce wannan sai da takardar likita, sai matar ta ja tsaki ta tsallaka titi. Akwai wani kanti a can da ba a tambayar kowa komai.

Shi kuwa mai kantinsu yana zaune a kusurwa yana kallo, yana girgiza ƙafa.

Wata rana da hantsi sai ga Kawu, yayan mahaifiyarta, tsohon direban babbar mota. Mutum ne mai faɗa, ba a ce masa a'a. Ya shigo dafe da ƙeya, idanunsa sun kaɗa.

Auta ta fito da sauri ta rusuna ta gaishe shi, ta jawo masa kujera.

Ya ce, "Ba zama na zo yi ba. Kaina ke sarawa tun shekaranjiya. Ba ni ƙwayar nan mai ƙarfi da muke sha a kan hanya."

"Sannu Kawu. Bari in auna jininka tukuna."

"Jinina lafiya lau. Kaina ne ke ciwo."

Da ƙyar da lallashi ya miƙa hannu. Na'urar ta nuna jinin ya hau sosai. Ta sake aunawa, bai sauya ba.

"Kawu, kana gani sosai kuwa?"

"Dishi-dishi dai, kaɗan. Rashin barci ne."

"Jininka ya hau ƙwarai. Ƙwayar da kake so tana iya ƙara tayar da shi. Don Allah ka tashi mu je asibiti yanzu, ni zan raka ka."

Ya zare hannunsa daga na'urar. "Za ki ba ni ko ba za ki ba ni ba?"

"Ka yi haƙuri Kawu. Ba zan iya ba."

Nan fa ya miƙe, muryarsa ta cika kanti. "Ni? Ni da na ɗora ki a wuya kina min fitsari a riga? Yau don kin sa farar riga za ki koya min ciwon kaina? To ai ke ba likita ba ce! Likitancin ne ya gagare ki kika ƙare a tsaron kanti!"

Masu jiran magani suka zuba musu ido. Wani ma ya ƙunshe dariya. Auta tana tsaye tana kallo Kawu ya tsallaka titi, ya shiga wancan kantin, ya fito da 'yar leda a hannu.

Mai kanti ya ce, "To, yau har da kawunki kika kora. Gobe sai ki kore ni. Ke kam a kanti aka ɗauke ki ko a kotu?"

"Ranka ya daɗe, da na ba shi wani abu ya same shi fa?"

"Ai ga shi ya samu a wani wurin. Me kika hana?"

Wannan tambayar ta fi zagin Kawu yi mata zafi.

Kafin azahar Umma ta kira. Ko gaisuwa ba ta amsa ba. "Auta, yayana kika tozarta a gaban mutane? Ƙwaya ɗaya tal? In karatun nan rashin kunya ya koya miki, da kin zauna a gida."

Auta ta shige ɗakin ajiyar kaya, ta zauna a kan kwali, ta yi kuka mai isarta. Ta cire farar rigar ta jefar. A ranta ta ce ta gaji, gobe ba za ta dawo ba. Kowa ya sha abin da ya ga dama.

Amma idanun Kawu sun ƙi barin zuciyarta.

Da aka tashi aiki da yamma, maimakon gida sai ta nufi gidansa. Yana jin sallamarta ya ce daga ɗaki, "A ce mata ba na nan."

Matarsa, wadda suke kira Inna, ta fito tana ba ta haƙuri. Auta ta riƙe hannunta a bakin ƙofa ta ce, "Inna, ba faɗa ya kawo ni ba. Ki yi ta lallaɓa shi ya je asibiti. In ya ƙi, ki sa masa ido. Da kin ga bakinsa ya karkace, ko harshensa ya yi nauyi, ko hannu ya saki, kada ki ba shi komai, ko ruwa. Kada ki jira kowa. Mota kawai, sai asibiti."

Ta sa Inna ta maimaita mata, sannan ta tafi.

Washegari ta koma aiki, ranta a jagule. Kawu kuwa ya ƙi asibiti.

Ba a rufa mako ba, wata safiya yana shan shayi kofin ya suɓuce daga hannunsa. Ya buɗe baki zai yi faɗa, magana ta ƙi fita daidai. Maƙwabta suka taru, wannan na cewa a shafa masa mai, wancan na cewa a bar shi ya huta. Inna ta ture su duka ta ce a kawo mota.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce ta fara kama shi, kuma saurin kawo shi ne ya taimaka. Maganarsa ta dawo. Hannun hagu dai bai koma kamar da ba.

Da Auta ta je duba shi, Umma na gefen gado, ta kasa haɗa ido da ita. Sai Kawu ya ce wa Inna, "Miƙo mata ledar nan."

Magungunan da aka rubuta masa ne a ciki.

"Sun yi min bayani, ban gane ba. Sauri suke yi. Ke ki faɗa min."

Ba ta ce ai na faɗa maka ba, ko da yake maganar ta zo mata har baki. Ta jawo kujera ta zauna, ta ɗauko na farko.

"Wannan da safe ne Kawu, kullum. Ko ka ji garau ba a dainawa."

"Har yaushe?"

"Har abin da hali ya yi."

Ya ɓata fuska, ya yi ƙwafa. Sannan ya gyara kwanciya ya ce, "To. Na biyun fa?"

Darasi: Ba duk wanda ya hana ka abin da kake so ne maƙiyinka ba. Mai harhaɗa magani in ya ce a'a, lafiyarka yake tsarewa, ko da zai sha zagi a kai. Kai kuma da ke riƙe da amanar aiki, kada fushin 'yan uwa ya sa ka saki gaskiya, kada kuma zafin zagi ya hana ka komawa ka taimaka. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shan magani da ka, wataƙila ku zama sanadin tsirarsa.