Kwanon Da Haggai Ya Zo Da Shi

Akwai wata mata a Kontagora mai suna Marta, mutuniyar wajen Rijau ce, aure ya kawo ta gari. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Haggai. Shi ma da hannunsa ya faɗa a ɗinki, sai ya bi fataken goro zuwa Ghana, wai in ya sayi keken ɗinki na kansa zai dawo.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Sai dai gaisuwa a bakin matafiya.

Gidan Marta yana bayan gidajen malaman wata makarantar kwana. A shekarun nan na bayan samun 'yancin kai, daga ƙasashe iri-iri ake ɗauko malamai da ma'aikatan jinya. In aka ba da hutun Disamba, ɗalibai su watse, malamai 'yan ƙasa su tafi garuruwansu, a bar waɗanda garinsu ya fi ƙarfin mota.

Su uku ne. Misis Salome 'yar Indiya mai koyar da lissafi, Sista Cecilia baturiyar Ailan mai aikin jinya, da Malam Shadrach, saurayi ɗan Ghana mai koyar da Turanci.

Ranar Kirsimeti Marta ta ga ƙofofinsu a rufe, ba hayaƙi, ba motsi. Ta tuna nata ɗan, ko wace ƙofa yake bayanta. Ta cika kwano uku da shinkafa da miyar kaza, ta kai musu da ƙafarta.

Washegari kwanukan suka dawo a wanke tas, suna ƙyalli, babu komai a ciki.

Marta ba ta iya ɓoye magana a ciki ba. Ta ɗaura zane ta same su suna shan shayi a barandar Misis Salome.

"Wa na yi wa laifi a cikinku?"

Suka dubi juna. Malam Shadrach, wanda ya fi su jin Hausa, ya ce, "Mama, abincin ya yi daɗi, mun gode."

"Godiyar tana ina? Na buɗe murfi ban gan ta ba. A garin nan kwano ba ya komawa wayam. Ko gyaɗa ce, ko ɗan gishiri, a sa. Kwanon da ya koma wayam cewa yake yi, na ci, kada ki ƙara."

Misis Salome ta haɗa 'yar Hausarta ta ce, "Abinci namu, Mama ba iya ci."

"Ke kika haifi cikina? Dafa ki gani."

To, daga nan abin ya samo asali. Kowa yana son ya cika kwanon da abincin garinsu, amma ba wanda ya san inda ake samun kayan haɗi, ba wanda ya iya hura icen Kontagora. Sai tsakar gidan Marta ta zama makarantar hutu. Da hantsi, in sanyi ya ɗan saki, a taru a gindin murhu.

Marta ta koya musu riƙon taɓarya, da kaɗa miyar kuka, da gaisuwar da ba a gama ta a tsaye. Misis Salome ta koya wa matan unguwa wata gurasa mai faɗi marar kauri, da shinkafa mai yajin da ya sa maƙwabciyar Marta, Bilki, ta sha ruwa har ta ce a kira mata limami. Malam Shadrach ya jiƙa masara ta yi tsami, ya naɗe a ɓawo ya dafa, ya ce sunansa dokunu.

Marta ta ɗanɗana ta ce, "Tuwon da ya lalace ne kuka sa wa suna. Wannan Haggai yake ci?"

"Shi yake ci, Mama."

Sannan ta miƙa hannu ta ƙara.

Sista Cecilia kuwa dariya take yi musu in ta ga sun duƙunƙune. Ta ce a garinsu yanzu ƙanƙara ta rufe har bakin taga, uwarta tana zaune gaban wuta tana saƙa. Sai muryarta ta sauka, ta ciro zare da ƙarafan saƙa ta ce wa mata su matso. Ita ta koya musu saƙar suwaita, wato rigar sanyi.

Kowa ya saƙa wa jariri hula ko safa. Marta ta ce ita babbar riga za ta yi. Ta kama Malam Shadrach ta gwada faɗin kafaɗarsa da tafin hannu, ta ƙara kaɗan.

"Nawa ya fi ka ƙirji. Ɗan manomi ne, ba ɗan alli ba."

Haka aka yi hutu biyu. Musulmi da Kirista, baƙo da ɗan gari, har mata daga wasu unguwanni suna zuwa. In an lura, ba girki ne ya tara su ba. Kowa a wurin yana da wanda yake kewa.

Sai ƙarshen shekarar 1969 ya zo. Rediyo ya faɗa cewa hukumar Ghana ta ce baƙin da ba su da takardar zama su fice. Kafin a ce me, manyan motoci sun fara shigowa ta hanyar Mokwa, shaƙe da mutane da tabarmi da tukwane. Wasu sun bar gida, wasu sun bar shago, wasu sun binne yara a hanya.

Marta ta koma 'yar tasha. Duk motar da ta tsaya sai ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ku ga wani tela ba, dogo, mai tsage a kumatu, Haggai?"

Wani ya ce kamar ya gan shi a Kumasi. Wani ya ce a bakin iyaka mutane sun fi ƙasa yawa, wa zai gane wani. Ta koma gida ta ɗauki suwaitar da ta riga ta gama, ta warware bakin hannun ta sake saƙawa, don kada hannunta ya zauna.

Makarantar hutu ta mutu. Matan unguwa suka ce ba za su zauna inuwa ɗaya da ɗan Ghana ba. Shi ma Malam Shadrach ya kulle kansa a ɗaki, ko kasuwa ba ya zuwa.

Ranar Kirsimeti, Andarawus, ƙanin marigayi mijinta, ya shigo ya tarar tana zuba abinci. Ya ƙirga kwanuka da ido.

"Uwar Haggai, wannan na ukun na wa ne?"

"Ka san mai shi."

"Sun kori ɗanmu kamar kare, ba mu san ko yana da rai ba, ke kuma kina yanka wa nasu kaza? In kin kai kwanon nan, me za ki ce wa mutane?"

Kada ku ɗauka maganar ba ta shige ta ba. Ta shige ta. Ta mayar da shinkafar cikin tukunya, ta kife kwanon. Ta kai wa Misis Salome nata, ta kai wa Sista Cecilia nata. A hanyar dawowa ta bi ta gaban ƙofar Malam Shadrach, a rufe, ba hayaƙi, ba motsi, kamar ranar farko.

Ta isa gida ta tsaya a gaban kifaffen kwanon. Ta ce wa Andarawus, "In akwai wata ƙofa a can da nawa yake bayanta, me kake so matar da ke wucewa ta yi?"

Ta cika kwanon har murfi yana ɗagawa.

Da Malam Shadrach ya buɗe ƙofa ya kasa duban idonta.

"Kai ka kori ɗana?"

"A'a, Mama."

"To karɓi, hannuna ya gaji. Kuma ka san doka."

Washegari kwanon ya dawo da dokunu mai zafi. Marta ta zauna ta ci shi ita kaɗai, tana ci hawaye na zuba a kan ɓawon masarar.

Sabuwar shekara ta shiga. Motocin suka ragu, har suka daina zuwa. Mutane suka fara yi mata irin gaisuwar da ake yi wa mai makoki, a hankali, ba a ambaton suna. Ita kuwa ba ta fasa zuwa tasha ba.

Ana gab da komawa makaranta, wata rana da la'asar tana tankaɗe, ta ji sallama da muryar da ta sani amma ta shaƙe. Ta ɗaga kai ta ga wani dogon mutum, ƙasusuwan wuya a waje, ba keken ɗinki, ba akwati. Abin da ke hannunsa kawai wani kwano ne mai murfi, shuɗi, gefensa ya ɓantare.

Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi ihu ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko suwaitar ta zura masa. Rigar ta yi masa yawa, kafaɗun suka zubo har damtse.

"Zan cika ta da tuwo," in ji ta, sannan ta rungume shi.

Bayan ya huta, gida ya cika, Andarawus ya tambaye shi yadda aka yi. Haggai ya ce zazzaɓi ne ya kayar da shi a wani ƙauye kusa da iyaka, motarsu ta tafi ta bar shi. Wata tsohuwa mai sayar da dokunu ta ja shi rumfarta. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa. Maƙwabtanta suna yi mata faɗa, ita kuwa tana ɗura masa koko har ya miƙe. Ranar da ya sami mota ta cika masa kwanon nan da dokunu da soyayyen kifi, ta tura shi cikin motar.

"Ko sunanta ban sani ba, Mama. Na so in mayar mata da kwanon, mota ta tashi."

Andarawus ya sunkuyar da kai.

Marta ta karɓi kwanon ta juya shi a hannu. Da gari ya waye ta kama kazar da ta rage mata. Ta cika shuɗin kwanon, ta sa Haggai a gaba har ƙofar Malam Shadrach.

Da malamin ya ga kwanon sai ya ƙura masa ido. Irinsa ne a ɗakin uwarsa. Ya tambayi Haggai sunan ƙauyen, da kamannin tsohuwar. Haggai ya faɗa. Malam Shadrach ya girgiza kai a hankali.

"Ba uwata ba ce, Mama. Garinmu yana da nisa da nan."

"Na tambaye ka? Uwar wani ce, kai kuma ɗan wata ne. Ƙafata ba za ta kai inda take ba, kwanonta kuma ba zai kwana wayam a gidana ba. Zauna ka ci a madadinta."

Ya zauna a bakin ƙofa ya ci, Haggai na gefensa cikin rigar da aka gwada a kafaɗar malamin.

Hutun da ya biyo baya, makarantar tsakar gida ta dawo, har da matan da suka guje ta. Daga baya baƙin nan uku kowa ya koma ƙasarsa. Amma har Marta ta bar duniya, duk Kirsimeti sai ta cika shuɗin kwanon nan ta tafi tasha, ta nemi baƙon da ba shi da kowa a gari. In an tambaye ta, sai ta ce, "Na wata mata ne. Ina mayar mata."

Darasi: Baƙon da ke ƙofarka ɗan wani ne da ake kuka da rashinsa, kamar yadda naka yake baƙo a ƙofar wasu. Kada ka ɗora wa mutum laifin hukumar ƙasarsu, kuma kada ka bari alherin da aka yi maka ya koma wayam, ko da ba ka san mai shi ba. Ku tura wa duk wanda nasa yake nesa, da wanda yake da baƙo a maƙwabta bai taɓa leƙa shi ba.