Harsashi Ɗaya a Tukunyar Narki

Akwai wani maƙerin tagulla a Ƙofar Durbi mai suna Lawwali. Shi da ƙanensa Mati suke aiki a maƙerar mahaifinsu, Malam Ado. Kwanson harsashi suke saye buhu-buhu daga wani filin koyon harbi da ke bayan gari, su narka, su yi awarwaro da ƙararrawa.

Malam Ado yana da doka guda: babu kwanson da zai shiga wuta sai an ɗaga shi an leƙa cikinsa. Wani lokaci harsashi mai rai yakan ɓuya a cikin tarin.

Lawwali gwani ne, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Sai dai akwai jin kai, kuma tsintar kwanso a wurinsa aikin raggaye ne.

Da tsufa ya kama Malam Ado, sai ya ce bayan Sallah zai damƙa maƙerar ga ɗayansu. Tun daga ranar hankalin Lawwali bai sake kwanciya ba. Gani yake tsohon ya fi sakar wa Mati fuska, kuma ina zai sa kansa in aka ce ƙanensa ne ubangidansa?

Wata Laraba aka kawo sabon buhu, Mati kuma ya tafi Batagarawa sayen gawayi. Lawwali ya ga dama ta samu: zai narke buhun nan kaf kafin la'asar, tsoho ya ga waye maƙeri.

Ya watsa hannu a saman buhun sama-sama, ya juye a tukunyar narki.

Malam Ado ya shigo yana dogara sanda.

"Lawwali, ka tsince wanga kuwa?"

"Na tsince, Baba."

"Duka?"

"Haba Baba, yau na fara?"

Tsohon ya matso ya sunkuya don ya duba ko wutar ta yi. Nan take abu ya fashe, narkakkiyar tagulla ta fantsamo masa a fuska. Lawwali da ke gefe ko ƙwarzane bai yi ba.

A asibiti aka ce idanun biyu sun tafi. Lawwali ya durƙusa a gefen gado yana kuka, yana neman gafara.

"Tashi, na yahe maka," in ji Malam Ado. "Amma mi kake ma gaggawa? Tun azumi na hwaɗa ma Mati kai zan ba, shi kuma ya ce ya yarda."

Sai tsohon ya ƙara da cewa:

"Yanzu kam ba ni iyawa. Na tambaye ka, ka ce ka tsince. Tahi ka kai ma Mati makullin maƙerar."

Darasi: Gaggawa da girman kai sukan raba mutum da abin da dama nasa ne, kuma sau da yawa wanda ya yarda da kai shi ke shan wahalar ƙaryarka. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu sana'ar hannu.