Ragon Suna da Robar Hanci

Akwai wani mai adaidaita sahu a Gyaɗi-Gyaɗi, sunansa Ashiru. Mutumin kirki ne, amma akwai shi da gaggawa, ko danja ba ya iya jira.

Matarsa Safiya ta haihu cikin bai kai wata bakwai ba. Yaron ɗan mitsitsi, huhunsa bai yi ƙwari ba. A wani asibiti da ke Tarauni aka saka shi a kwalba, aka maƙala masa roba a hanci tana hura masa iska. Ɗaya bakin robar yana cikin gorar ruwa, ruwan yana ta ɓulɓula.

Nas Chinelo ta nuna masa gorar ta ce, "Malam Ashiru, in dai ruwan nan yana motsi, iska tana shiga. Kada kowa ya taɓa."

Suna ya matso. Ashiru ya sayi rago, ya gayyaci 'yan tasha, ya yi wa wanzami magana. Shi a ganinsa abin kunya ne a yi suna babu jariri a gida.

"Yaron nan ya warke, riƙe shi kawai suke yi," ya ce wa Safiya a gaban kwalbar.

"Don Allah, Baban jariri, ka bari," ta ce.

Da nas ta juya baya, sai ya zura hannu ya ɗaga robar, wai ya gwada ko yaron zai iya shi kaɗai.

Ruwan ya tsaya cik. Ƙirjin yaron ya lotsa, leɓensa ya fara duhu. Safiya ta ƙwalla ƙara. Chinelo ta zo a guje ta ture Ashiru, ta mayar da robar, tana shafa bayan yaron. Ashiru ya ja gefe ya zuba wa gorar ido. Da ƙyar ruwan ya sake ɓulɓula.

Ashiru ya durƙusa a wurin ya yi kuka kamar yaro.

An yanka rago a gida babu jariri, kuma babu wanda ya yi gulma. Ashiru ya raɗa masa suna Nura ta ƙofar kwalba. Aski kuwa sai da aka sallame su.

Yau Nura yana rarrafe. Amma har yanzu in ruwan shayi ya tafasa, Ashiru yakan tsaya yana sauraren ɓulɓularsa, yana tuna gorar asibiti.

Darasi: Biki yana iya jira, numfashi ba ya jira. Kada gudun surutun mutane ya sa ka taɓa abin da ke riƙe da ran ɗanka. Tura wa duk mai jariri a asibiti.