Kwalbar da ke Kusa da Murhu

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Ulgi, mai gidan mai a bakin hanyar hawa tsauni. Ba zan kama sunansa ba, yana nan da rai.

Kun san dizal iri biyu ne, na lokacin zafi da na lokacin sanyi. Na zafi, da sanyi ya tsananta sai ya daskare kamar kitsen rago a kwano. Na sanyi ya fi tsada, amma shi ke mayar da mutum gida.

Wata shekara na zafi ya yi masa kwantai, ya ƙi haƙuri ya ajiye shi sai baɗi. Ya cika kwalba da shi, ya girke ta kusa da murhu. Duk direban da ya zo sai ya ɗaga ta: "Duba, garau! Wallahi na sanyi ne." Subhanallahi! Bai san motar da ta mutu a kan tsauni kabari ce ba? Ya sani sarai.

Wata safiya Serikbol direba ya tsaya. "Yaya, tsakani da Allah, na sanyi ne? Wurin makiyaya za ni, da nisa."

"Haba ƙanena, ni zan cuce ka?" Ya cika masa tanki.

Can wurin makiyayan nan ne Kulyash, 'yar mai gidan man, take aure. Serikbol ya tarar naƙuda ta zo mata da gardama, aka sa ta a motarsa za a kai ta asibiti. Suna tsakiyar tsauni iska ta taso, injin ya yi tari, ya mutu. Suka hura wuta a ƙarƙashin tanki, man bai saki ba.

Wani makiyayi ya hau doki a sukwane ya kai wa uban labari. Uban ya taho a tasa motar, wadda yake zuba wa man kirki. Ya tarar an lulluɓe gawar 'yarsa da bargo, ita da abin da ke cikinta.

Serikbol bai zage shi ba. Ya kwance matatar man injin motarsa, ya lakato farin daskararren abu, ya shafa masa a tafin hannu. "Yaya, ga naka."

Ya 'yan uwa, mai algus yana zaton baƙo yake cuta. Wa ya ba shi tabbacin wanda zai hau motar? Ni na yi wa Kulyash salla, kuma har yau abin yana ci mini rai. Ku ji tsoron Allah a kan abin da kuke sayarwa, ku faɗi aibinsa kafin ku karɓi kuɗi.

Allah ya kiyaye mu da rantsuwar ƙarya, kada ya sa 'ya'yanmu su girbi sharrin hannunmu. Amin.